Agogon Malam Ashafa Ya Ƙi Farkawa

Malam Ashafa ya ɗaga hannunsa na hagu, ya juyo da agogon saitin fuskarsa, ya jira. Gilashin ya tsaya baƙi ƙirin. Ya sauke hannun a kan cinya, ya ja numfashi, ya sake ɗagawa, wannan karon har da cije leɓe. Ko gezau.

"Malam, kokon nan zai huce," in ji matarsa Zuwaira. Tana tsugune a bakin murhu, ta ba shi baya.

"Bari in cika na uku."

Na ukun ma bai fi 'yan'uwansa ba. Ya yi tsaki a hankali, ya jawo kwanon da hannun dama.

Yau wata uku cif ke nan da ya yanke jiki ya faɗi a tsakanin injinan saƙa a Challawa. Hawan jini ne ya taɓa masa ɓarin hagu. Allah ya taƙaita abin: ƙafa ta dawo, baki ya miƙe, hannu ne kawai ya tsaya jan aji. Masaƙar ta yi masa kara, aka ce za a riƙe masa wurinsa wata uku. In ya warke ya koma kan injinansa, in bai warke ba ya zo ya sa hannu a takardar ajiye aiki a ba wani. Yau wa'adin yake cika.

Agogon kuwa autarsu Mubina ce ta kawo shi, ita da ke karatun aikin jinya, don ya riƙa ƙirga masa bugun zuciya. Irin na zamanin nan ne, barci yake yi abinsa sai ka ɗago hannu da hanzari, sannan ya farka ya haska ya nuna maka lokaci. Ashafa ya ga Mubina ta ɗaga sau ɗaya ya haska, shi kuma sai ya ɗaga sau biyar kafin ya kula shi, sai abin ya tsaya masa a rai. Likitan gashin ƙashi bai ce masa e ba, bai ce a'a ba, kullum dai "a ci gaba, Baba, a ci gaba." Shi kuwa Ashafa ba ya son magana a rataye. Da bakinsa ya yanke wa kansa hukunci a tsakar gida, gaban uwar da 'yar: ranar da ya ɗaga hannu agogon ya farka sau uku a jere, ranar zai koma aiki, in wa'adi ya cika bai farka ba, ya haƙura. Kuma duk Panshekara an san shi, in ya faɗi magana ko shi kansa bai isa ya janye ta ba.

Da farko kamar abin zai yiwu. Wata Alhamis ma ya farka masa sau biyu a jere. Daga ranar kuma ya ɗauke wuta gaba ɗaya, sai an danna maɓallin da ke gefensa yake nuna lokaci. Ashafa ya ɗauka hannun ne ke komawa baya, ya haɗiye baƙin cikinsa bai gaya wa kowa ba.

Ya shanye kokon, ya sa farar rigarsa ta Juma'a duk da Litinin ce. Zuwaira ta miƙo masa hula.

"In raka ka?"

"Ki raka ni ina? Shekara talatin da huɗu ina bin hanyar nan, yau ce zan ɓata?"

"Allah ya sa a yi a sa'a. Ka dawo da wuri, rana za ta yi zafi."

A adaidaita sahu ya zauna daga gefe yana kallon hanya. Bai saba ganin ta daga zaune haka ba, a kan keke ya san ta. Lokacin da ya zo daga ƙauyensu na wajen Madobi yana saurayi, ƙarfe shida saura ba ka ganin kwaltar titin nan saboda kekuna. Ƙararrawa ta ko'ina, kowa da kwanon abincinsa ɗaure a bayan sirdi, 'yan dare na fitowa da jajayen idanu, 'yan safe na shiga suna yi musu tsiya. Wa ke neman agogo a lokacin? Jiniyar masaƙa ce agogon kowa. In ta yi kukan safe mata a ƙauyuka su hura wuta, in ta yi na ƙarfe biyu ladan ya tashi neman buta. Zuwaira tana amarya da ita take sanin lokacin ɗora tukunya, har takan ce ta fi jin maganar jiniya a kan tasa.

Ya bi gine-ginen da ido ɗaya bayan ɗaya, yana kiran sunayensu a zuci yadda mutum ke lissafa 'yan'uwan da suka rasu. Nan ake buga atamfa, yanzu rumbun ajiye shinkafa ne. Can ake kaɗa zare, ga tumfafiya ta fito a bakin ƙofar har ta yi 'ya'ya. Warin majemu ne kaɗai bai yi ritaya ba, yana nan daram, ya shigo adaidaitar ya cika ta. Wata mata ta toshe hanci da mayafi. Ashafa ya shaƙe shi sosai, kuma Allah ya gani daɗi ya ji.

Masaƙarsu tana cikin 'yan tsirarun da ke numfashi. A da injina ɗari huɗu ne, aiki ba dare ba rana. Yanzu talatin suka rage, suna saƙa farin yadin 'yan makaranta, su ma sai ranar da aka samu wuta. Jiniyar tana nan a kan rufi, amma tun da aka koma aikin safe kawai ba a sake jin muryarta ba. Yau akwai wuta. Tun daga bakin ƙofa ya ji ƙarar injina tana shigo masa ta tafin ƙafa, ya kau da kai daga wajen, ya nufi ofis.

Mai kula da takardun ma'aikata Zulaihat ce, 'yar marigayi Ɗahiru helimansu na da, wato shugaban ma'aikatan ɗakin saƙa. Ashafa ya ci naman sunanta. Tana ganin sa ta miƙe ta russuna.

"Lale, Baba Ashafa! Ya jiki? Kun ƙi mu."

"Jiki alhamdu lillahi. Ni na ƙi ku, ko hannu ne ya ƙi ni? Miƙo takardar nan, Zulai, kada in zauna zuciya ta karaya."

Ta jawo durowa ba da son ranta ba, ta fito da takardar ta ɗora a kan tebur, amma ta dafe ta da hannu.

"Likita ne ya ce ba za ku iya ba?"

"Likita ba ya cewa komai. Wannan ne ya ce."

Ya ɗaga hannun ya nuna mata baƙin gilashin, ya ba ta labarin hukuncin da ya yanke. Zulaihat ta riƙe haɓa.

"Haba Baba, agogo kuka ba alƙalanci? Ga irinsa a hannuna. Wani lokaci sai na ɗaga sau biyu yake kula ni, wani lokaci kuma ina wanke-wanke ya yi ta haskawa ba wanda ya tambaye shi. Ku kawo mu gani."

Ta kwance masa shi, ta ɗaura a nata hannun, ta ɗaga. Shiru. Ta sake ɗagawa da ƙarfi har awarwaronta ya yi ƙara. Shiru. Ta haɗa gira, ta danna maɓallin, ta shiga lalube da ɗan yatsa. Can ta tsaya.

"Ai a kashe yake."

"Me aka kashe?"

"Abin da ke sa shi farkawa in an ɗaga hannu. Ga shi nan, ku duba. Ko ɗan dambe ne ya ɗaga ba zai farka ba."

Ashafa ya duba, bai ga komai ba sai ƙananan rubutun boko. "Ba ya kashe kansa?"

"Wannan kam a'a. Sai an shiga can ciki, an wuce wuri uku, sannan a kashe. Wanda ya san shi ne ya yi."

Sai a lokacin ya zauna a kujerar da ya ƙi tun shigowarsa. Alhamis ɗin nan ta dawo masa tiryan-tiryan. Yana kan tabarma, Zuwaira na tsince shinkafa a gefensa. Ya ɗaga ya haska, ya sake ɗagawa ya haska, ya juya yana washe baki, ita kuma ba ta ce barka ba, ta dai tashi da farantin. Bayan la'asar Mubina ta dawo daga makaranta, ta karɓi agogon wai za ta sa masa caji a ɗakin uwarta. Sun daɗe a ciki suna magana ƙasa-ƙasa. Zuwaira ba ta san rubutun boko ba, amma ta san yadda ake aiken 'ya.

"Kunna shi," in ji shi.

Ta kunna, ta ɗaura masa. Ya ɗaga hannu, gilashin ya haska fes: goma da minti ashirin. Ya sauke, ya jira ya mutu, ya ɗaga, ya haska. Na uku ya haska. Ya ƙara na huɗu don kada a ce sa'a ce. Murna da ɓacin rai suka taso masa lokaci guda har ya rasa wanda zai fara ji. Wata biyu cur yana tsine wa hannun nan a zuci, yana tashi da asuba yana matsa ƙwallon roba har hawaye ya fito masa, ashe a cikin gidansa aka kulle bakin alƙalin.

"Mayar da takardarki durowa," ya ce, yana miƙewa. "Ina zuwa."

Yana tura ƙofar ɗakin saƙa ƙarar ta rufe shi, sai ya ji kamar ya shiga ɗakin uwarsa. Zafin nan, ƙamshin man inji da sitaci, ƙurar auduga na yawo a hasken tagogi. A nan ba a magana da baki sai dole, da hannu ake yi. In aka shafa gemu, helima na tafe. In aka taɓa goshi, lokacin salla ya yi. Ma'aikata suka yi ta ɗaga masa hannu daga bayan injina, yana amsawa da na hagu don su gani.

A layinsa ya tarar da Usaini, mutumin Damagaram, wanda suka fara aiki shekara ɗaya. Shi ke riƙe da injinan Ashafa huɗu tare da nasa tun ranar faɗuwar. Ƙarar injina ta cinye masa kunne ɗaya tuni, don haka komai da ihu yake faɗa.

"Bakano! An ce ka mutu, har na fara tambayar wanda zai gaji kekenka!"

"Badamagare, in na mutu wa zai riƙa nuna maka gabas?"

Suka rungume juna. Ashafa ya ja da baya ya ɗaga hannu, agogon ya haska, ya sake ɗagawa, ya sa bakinsa a kunnen Usaini mai ji ya ce, "Na dawo!"

Usaini ya kalli agogon, ya kalli hannun, ya yi dariya. Suna tsaye haka inji na uku ya tsaya cak, jar fitilarsa ta kama. Zare ɗaya daga cikin na tsaye ya tsinke. Usaini ya matsa gefe, ya yi masa nuni da tafin hannu: bismillah.

Ƙullin masaƙa ba wani abu ba ne ga wanda ya iya. Ka haɗa bakin zaren biyu, ka danne su tsakanin babban yatsa da manuni na hagu, dama ta zagayo da zare, babban yatsan hagu ya tura baki ɗaya cikin zoben, ka ja. Ashafa yakan yi shi yana kallon wani wuri, kafin mutum ya gama ƙifta ido. Rabin mutanen da ke ɗakin nan shi ya koya musu.

Idonsa ya gano zaren nan take. Hannun hagu ya tashi lafiya lau, agogon ya haska. Ya kamo bakin zaren biyu da dama, ya kai su tsakanin yatsun hagu, ya danne. A ransa ya danne. Yatsun kuwa sun matso kusa da juna ne kawai suka tsaya, zaren ya zame ya faɗi. Ya sake kamowa, ya sake zamewa. A karo na uku ya samu ya riƙe, amma babban yatsan ya ƙi turawa, yana ta rawa a wuri ɗaya. Gumi ya keto masa a ƙarƙashin hula. Kuma duk ɗagowar da zai yi sai agogon ya haska, da fara'arsa, yana gaya masa lokaci da yadda zuciyarsa ke gudu.

Usaini ya ɗauki gwangwanin mai ya juya baya, yana ɗiga wa wani inji man da ba ya buƙata. Sauran ma'aikata ma kowa ya samu abin kallo a gabansa. Wannan karar da suka yi masa ta fi dariya ciwo.

A karo na shida ya saki zaren. Ya tsaya yana kallon inji na biyu da ke aiki a gefensa, ƙoshiyar da ke ɗauke da zare na wucewa fit-fit, ƙarfen da ke buga zare na kai da komo ba ya jiran kowa. Sau nawa a rana hannun hagu ke shiga kusa da wurin nan ya fito? Bai taɓa ƙirgawa ba, don bai taɓa tunanin hannun ba.

Usaini ya dawo, ya miƙa hannu ya ƙulla zaren. Amma bai tada injin ba. Ya nuna wa Ashafa mariƙin tada shi, Ashafa ya ja da hannun dama, injin ya tashi.

Suka fita suka zauna a ƙarƙashin darbejiyar bayan ɗakin, inda a da mutum ɗari ke cin abincin rana, masu fura da masu ɗanwake na jere har bakin katanga. Yanzu benci ɗaya ne da butoci uku. Ashafa ya ɗora hannun a gwiwa yana kallon yatsun, sai abubuwa suka riƙa zuwa masa waɗanda bai taɓa sa wa ido ba. Wa ke ɗaure masa mazagin wando kowace safiya, tana yi tana ba shi labarin maƙwabta don kada ya ji nauyi? Wa ta cire maɓallan rigunansa ta mayar da su na dannawa, ta ce wai su ake yayi? Naman miya ma tun daga tukunya yake zuwa masa a yayyanke. Agogo wuyan hannu ya sani, ita kuwa Zuwaira yatsun take gani kullum. Ta san in ta ce kada ya koma ba zai ji ba, ta kuma san in agogon ya farka sau uku ko sama da ƙasa za su haɗu sai ya koma. Sai ta bar masa maganarsa ba ta taɓa ba, ta sa aka taɓa agogon.

Ya gaya wa Usaini duka, da ƙarfi, a kunnen da ke ji. Usaini ya daɗe yana sosa ƙeya.

"Matar Bakano ta fi Bakano hankali," ya ce. "Za ka yi mata faɗa?"

Ashafa ya kau da zancen, ya ce, "Ka tuna ranar da jiniya ta maƙale, ta yi ta kuka har mutanen ƙauye suka fito da bokitai suna neman gobara?"

"Ɗahiru ya hau rufi ya toshe ta da rigarsa!"

Suka yi dariya har Usaini ya sarƙe. Da dariyar ta ƙare, sai ƙarar injina ta bayan bango ta rage. Ashafa ya saurare ta sosai. Ko daga nan yana iya ware muryar injinansa huɗu daga sauran, na ɗaya ma yana da ɗan tari da ya kamata a duba. Ya gaya wa Usaini haka, sannan ya miƙe.

Zulaihat na ganin fuskarsa ta gane. Ta fito da takardar, ta miƙa masa biro. Ya rubuta sunansa da ajami a hankali, yadda ya rubuta ranar da aka ɗauke shi aiki a wannan ofishin. Sannan ya miƙa mata hannun hagu.

"Mayar da shi yadda kika same shi."

"In kashe, Baba? Ai ya fi amfani a kunne."

"Kashe dai. Masu shi ne suka saita shi haka."

Bayan azahar ya isa gida. Zuwaira na zaune a inuwar ɗaki da faranti a cinya, amma ba abin da ta tsince a ciki. Ta miƙe ta karɓi hularsa.

"Sannu da dawowa. An yi?"

"An yi."

Ya zauna a tabarma, ya ɗaga hannun hagu yadda ya saba, gilashin ya tsaya baƙi. Ita ba ta dubi agogon ba. Kafaɗarsa take kallo, inda ƙurar auduga ta manne wa rigar.

"Ka shiga ciki," ta ce.

"Na shiga."

"Ka gwada?"

"Na gwada."

Ta durƙusa a gefensa, ta kama yatsun nan biyu ta riƙe a tafin hannunta. 

"Malam, akwai maganar da nake so in…"

"Ki bar ta," in ji shi. "Ki dai gaya wa Mubina kada ta sake taɓa agogon nan. Na fi son sa haka."

Zuwaira ta sunkuyar da kai, ta goge ido da bakin zane. Sannan ta shiga cire masa audugar daga riga, ɗaya bayan ɗaya.